Gonar Ɗan'azumi da Kujerar Yamai

Ranar da rediyo ya faɗi sunan Luƙman Idris cikin waɗanda gwamnati ke son ɗorawa a babbar kotun ƙasa, Ɗan'azumi yana zaune a teburin Mukhtar mai shayi, bakin tashar Dogon Dutsi, ya miƙe ƙafa yana jiran motar Dumega ta cika. Ran kasuwa ce, ya sayar da ɗan wakensa ya sayi gishiri da taba. Ya ji sunan sarai. Sai da ya shanye shayinsa tas, ya goge baki da bayan hannu, sannan ya gyara zama ya bar yara su fara nasu surutun.

Tsoho ne wanda ba a san shekarunsa ba, shi ma bai sani ba, amma ya san duk abin da ya nemi kashe shi ya kasa, kuma ba ya barin kowa ya manta. Yunwa manya sun bi ta kansa sun wuce. Rijiya ta taɓa ruftawa da shi, aka haƙo shi yana zagin masu haƙar don sun yi nawa. Sanƙarau ya kwashe tsararrakinsa ya bar shi tsaye. Bai taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko, yakan ce waɗanda aka kama aka kai can a zamaninsa duk shi ya raka su makabarta.

Mushe Gidiyon, tsohon malamin lakwal da ya ajiye alli (mushe ake ce wa malamin boko a nan), shi ya fara magana.

"Wannan karon an zaɓi mutum," in ji shi. "Tun yana ƙaramin alƙali nake bin labarinsa. Ba a taɓa cewa ya karɓi ko goro ba."

Mukhtar yana fifita gawayi, ko ɗagowa bai yi ba. "Mushe, ƙanena da 'yan jarkokin fetur anka kama shi. Munka tashi ni da tsohuwarmu munka tahi har gidan mutumin nan, munka ce yaro ɗan Arewa ne, ɗan gida. Ya ba mu ruwan sanyi, ya tambayi lahiyar kowa, ya rako mu bakin ƙofa. Wanshekare ya ɗaure yaro. Mi za mu yi da irin wanga a Yamai? Gara baƙo, ka san baƙo ne, ba ka ɓata kuɗin mota."

"Abin da ka faɗa ɗin nan shi ne shaidar da nake nema."

"Don kai ba ka da ƙane mai jarka."

"Ina da suruki mai jarka, kuma da na samu alƙalin da zai raba ni da shi da na gode."

Aka yi dariya. Wani direba ya ce ya ji an ce mutumin bai kai shekarun kujerar ba, akwai tsofaffin alƙalai da aka tsallake. Wani ya ce ai tsofaffin su suka cinye ƙasar. Wani kuma ya ce shi abin da ya dame shi, mutumin ba ya dariya, kuma alƙalin da ba ya dariya wata rana sai ya ɗaure liman. Magana ta rabu biyu, masu Mushe da masu Mukhtar, har mai tsire ya baro wutarsa ya zo ya shiga.

Can Ɗan'azumi ya buga sandarsa a ƙafar teburi.

"Ku duka iska kuke sha. Kai Mushe a takarda ka san shi. Kai Mukhtar a bakin ƙofa ka san shi. Ni nan na san shi." Ya daki bayan wuyansa da tafin hannu.

Kowa a teburin ya taɓa jin labarin, amma yau labarin ya yi tsada, sai aka kasa kunne. Shekarar babbar yunwa ce, wadda mutane suka ci 'ya'yan anza masu ɗaci har bakinsu ya mutu. Idris maƙwabcin Ɗan'azumi ya rasu, matar ta bi shi, aka bar ɗansu Luƙman, yaro ɗaya mai ƙaton ciki da sirantar ƙafa, kowa na kauda ido don kada ya zama nasa. Ɗan'azumi ya ɗora shi a wuya, shi da matarsa Shatu suka taka a ƙasa har suka ƙetare iyaka suka kai Argungu. Ya yi dako, ya yi kwasar kashin shanu, ya tauna rogo ya sa wa yaron a baki. Da suka komo gida bayan shekaru, shi da bai san ko bihim ba, shi ya ja yaron da hannu ya kai lakwal.

Wannan tafiyar ce kuma ta jawo masa shari'ar da ke wuyansa. Da zai tafi ya bar gonarsa ta fadama, wadda kakansa ya sare, a hannun wani maƙwabci ya riƙe masa. Da ya komo mutumin ya mayar masa ba musu. Amma bayan mutumin ya rasu, ɗansa Issa ya tashi ya ce gonar ubansa ce, shekaru ya ga ubansa na nomanta. A gaban hakimi Ɗan'azumi ya ci. A kotu Issa ya zo da shaidu ya ci. Aka ɗaukaka ƙara, Issa ya sake ci. Yanzu maganar tana Yamai, a babbar kotun nan da ba a wuce ta, kuma kafin a yanke Ɗan'azumi ne ke nomanta. Ba shi da wata. Daga ita yake ci, daga ita yake sayen taba.

Yana cikin labarin rogon ne Bushira ta iso, yarinyar gidan rediyon gari, da salula a hannu tana bin teburan shayi tana ɗaukar ra'ayin jama'a. Aka nuna mata tsohon.

"Baba, an ce ka san shi. A ganinka ya cancanci kujerar?"

"Matso da abin nan kusa, ɗiyata, kada iska ta ci rabi. Ni ne Ɗan'azumi na ƙasar Dumega, wanda rijiya ta haɗiye ta amayar. Luƙman ɗana ne. Ni na goya shi, ni na ciyar da shi, ni na yi mai kaciya. In akwai wanda ya fi shi cancanta a ƙasar nan a kawo shi in duba haƙoranshi. Kuma tun da abin naki har ƙauye ake ji, ki gaya wa Issa shari'ar gonata tana kotun da za a ba ɗana. Ya fara neman inda zai shuka bana."

Mushe Gidiyon ya ja masa hannun riga. "Baba, bar maganar gona."

"Don mi? Tawa ce ko ta ubanka?"

To, kada wani ya ce tsohon ya yi wauta ta mahaukaci. A ƙasar Arewa ta su Dogon Dutsi, in kana da ɗa a fada ba ka ɓoye shi. A kasuwa kake faɗa, da rana tsaka kake aika gaisuwa, kowa ya ga inda ka jingina. Wanda ke bi ta bayan gida a ɓoye, shi ake zargi. Haka ya ga ubansa ya yi, haka ya ga kowane mutumin kirki yana yi. Saboda haka kasuwa mai zuwa ya jawo ragonsa fari, wanda Shatu ke turke da shi saboda layya, ya sa aka ɗaure shi a kan motar Yamai. Ya tsaya tsakiyar tasha ya ɗaga murya ya gaya wa direba sunan mai ragon da sunan wanda ya aiko, ya maimaita don masu nisa.

Muryarsa kuwa ta riga ragon isa. Rediyo ya sa ta, yara suka kwashe ta a salula, ta shiga ko'ina. A kasuwar Gesheme wani ya kunna masa ita a fuskarsa, ya tsaya ya saurari kansa har ƙarshe, ya ce ba laifi, sai dai an yanke wurin rijiya. Kwanakin nan ya ji daɗin duniya. Mutanen da ba su taɓa gaishe shi ba suna durƙusawa. Issa ya daina bin hanyar ƙofar gidansa.

Mushe Gidiyon ne kaɗai ya ƙi yi masa fara'a. Ya ja shi gefe a tasha ya ce, "Baba, sunan nan ba a tabbatar da shi ba tukuna. Akwai manyan da ke zama suna duba kowane suna. Waɗanda ba sa son Luƙman sun samu muryarka, suna kunna ta a ko'ina cikin Yamai. Cewa suke ga alƙalin da ubansa ya riga ya yanke hukunci a teburin shayi. Ragon ma an ɗauki hotonsa."

"Ya yi kyau a hoton?"

"Ba wasa nake ba."

"Hassada ce, Mushe. Kai ka karantar da yara sun fi tsakuwa yawa, ba ko ɗaya da ya aiko maka da hula."

Ana cikin zafin bazara, gab da faɗuwar ruwa, Ɗan'azumi yana gona yana tara kara yana ƙonawa, sai ga mota ta tsaya a bakin hanya. Mutum ya fito shi kaɗai, ba direba ba ɗan sanda, cikin farar riga mara aiki. Ya buɗe bayan motar ya sauko da rago. Tun daga nesa tsohon ya gane tafiyar, ya kuma gane ragon.

Luƙman ya ɗaure ragon a gindin gawo, ya tuɓe takalma a kan yashi mai zafi, ya durƙusa ya gaishe shi har ƙasa. Furfura ta fito masa a gemu. Suka zauna a inuwar gawon, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta jiki da ta zafi. Tsohon bai dubi ragon ba ko sau ɗaya, sai da Luƙman ya ce, "Baba, ga ragonka."

"Ni ba ni da rago. Na ba ka."

"Ba ni iya cin shi."

"Rama gare shi? Ko likita ya hana ka nama?"

"Baba."

"Ka san abin da ake nufi a gidanmu in anka maido ma mutum kyautarshi."

"Na sani. Shi ya sa na kawo da kaina ban aiko ba."

Sai ya yi masa bayani, a hankali, yadda ake yi wa mai jinya. In ya hau kujerar, doka ta hana shi taɓa shari'ar wanda ya rene shi, ko takardar ba zai buɗe ba. Ya faɗa wa manyan haka. Sun ce bai isa ba. Muddin shari'ar na cikin kotun, duk abin da abokan zamansa suka yanke da shi za a auna, kuma ba za su ɗora mutumin da zai shigo da wannan ƙurar ba. Ko dai sunansa ya fita daga cikin waɗanda za a ɗora, ko shari'ar ta fita daga kotun.

"In shari'a ta fita, sai mi?"

"Hukuncin baya ya tsaya. Gona ta zama ta Issa."

Tsohon ya ciro taba ya zuba a baki. "To kai da ka yi karatu, gaya min. Gaskiyar wa ce?"

"Taka ce. Ina nan ranar da uban Issa ya maido maka da ita, ni na riƙe maka butar ruwa. Kuma hukuncin da anka yi maka akwai kuskure a ciki, na gani. In ba ni a wurin, ina jin za ka ci."

"In ba ka a wurin."

"Eh."

"Ashe ni da na ce ina da ɗa a kotu, gara a ce ba ni da kowa."

Luƙman ya sunkuyar da kai yana zana yashi da tsinke. "Ban zo roƙonka ba, Baba. Gonarka ce. In ka ce in janye sunana, gobe in janye."

"Ba ka zo roƙona ba."

"A'a."

"Amma takardar janye ƙarar tana mota."

Luƙman ya ajiye tsinken. "Tana mota."

Ɗan'azumi ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya tashi ya bar shi nan, ya bi iyakar gonar yana dogara sanda. Ƙasa ce baƙa mai laima, ko a shekarar da ruwa ya yi rowa takan ba da abin da za a kai ga kaka. Ya san inda gero ke fin tsayi, ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san kututturen da ya fasa masa yatsa yana saurayi. Ya so ya ce wa mutumin nan ya kwashe ragonsa da takardarsa ya koma inda ya fito. Ya buɗe baki ma don ya faɗa. Sai ya hango shi can ƙarƙashin gawo, babban mutum da furfura, zaune a ƙasa ba takalmi yana jiran abin da za a yi da shi, kamar ranar da kowa ke kauda ido. Ya kuma ji abin da za a faɗa daga Dumega har Dogon Dutsi: an kawo ɗan Arewa bakin kujerar da ba a taɓa ba mu ba, tsoho ya fizge shi saboda gero.

Ya komo ya tsaya a kansa. "Ɗauko."

Luƙman ya kawo takardar da ɗan akwatin tawada. Tsohon ya dangwala babban yatsa ya danna da ƙarfi har takardar ta huje kaɗan.

"Zan saya maka wata, Baba. Wadda ta fi ta. Kuma hatsi ba zai yanke a gidanka ba."

"Kakana bai sayi wagga ba. Riƙe kuɗinka, kada a ɗauki hotonsu."

Luƙman ya naɗe takardar, amma bai tashi ba. "Saura abu guda."

"Akwai saura? Rigar ce ko wandon?"

"Kada kowa ya ji cewa don ni ka janye. In anka ji, za su ce ciniki munka yi, ka sayar da gona ka saya min kujera. Sai ya fi na farko muni. Ko Inna Shatu kada ta ji."

"To in anka tambaye ni, in ce mi?"

"Ka ce ka gaji."

Tsohon ya dube shi kamar bai ji ba. "Ni?"

"Shekaru sun ja, zuwa kotu ya yi maka yawa, ka bar wa Allah. Kowa zai gane."

"Yunwa ba ta sa na ce na gaji ba. Da kai a wuyana ban ce na gaji ba."

"Na sani, Baba."

Luƙman ya sake durƙusawa ya yi sallama, tsohon ya sa masa albarka a taƙaice, hannunsa bai kai kan ba. Motar ta tafi. Ya kwance ragon ya ja shi gida ta bayan gari, ta hanyar da masu zuwa bayan gida ke bi, shi da bai taɓa shiga garinsu ta nan ba. Shatu ta ga ragon ta ga fuskarsa, ta karɓi igiyar ba ta tambaya ba.

Aka tabbatar da Luƙman. Ruwa ya sauka da dare ɗaya mai kyau, gari ya waye kowa ya fita da sungumi da ƙwaryar iri. Issa ya shiga fadamar da 'ya'yansa da jikokinsa, suna shuka suna waƙa. Ɗan'azumi ya samu aron wani ɗan tudu mai tsakuwa a wajen wani jikan ƙanwarsa, ya shuka shi kafin rana ta take, don ba shi da girman da zai kai azahar.

Ran kasuwa ya zo Dogon Dutsi. Teburin Mukhtar ya cika, rediyo na sake sa hirar da aka yi da sabon alƙalin bayan rantsuwa. Ya gode wa malamansa na lakwal, ya gode wa manyan da suka amince da shi. Mai hirar ya tambaye shi labarin tsohon nan da muryarsa ta yi yawo. Ya ce wani dattijo ne na ƙauyensu, mutumin kirki, ba su haɗa jini ba, kuma ya ji an ce shari'ar ma ba ta kotun yanzu.

"Ka ji ko," in ji Mukhtar yana nuna rediyon da cokali. "Wani dattijo. Na gaya maku. Ruwan sanyi da rakiya bakin ƙofa, iyakarshi ke nan."

"Ƙarya ya yi?" in ji Mushe Gidiyon. "Sun haɗa jini? Mutumin da ko wanda ya goya shi bai samu komai a hannunsa ba, irinsa kujerar ke so. Yau na kwana da sanyin zuciya."

"Kwana da shi. Mu da ke da 'yan'uwa mun san abin da munka samu."

Suka sake kamawa, masu Mushe da masu Mukhtar, kowa ya mai da tsohon hujjarsa yana zaune a tsakaninsu. Can wani direba ya juyo.

"Wai Baba, gaskiya ne Issa ke shuka fadama? Kai da ka ce ya nemi inda zai shuka bana? Mi ya faru?"

Kowa a teburin ya juyo ga Ɗan'azumi. Maganar tana nan a bakinsa, cikakkiya, ta fi labarin rijiya, ta fi labarin Argungu, ta fi duk abin da ya taɓa faɗa a teburin nan. Da ya sake ta, da har jikokin Mukhtar sai sun ba da labarinsa. Ya juya tabar da harshe ya tofar gefe.

"Na gaji ne," in ji shi. "Shekaru sun ja."

Ya jira wani ya ce ƙarya ne, Ɗan'azumi ba ya gajiya. Ba wanda ya ce. Direban ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba da lada. Mushe Gidiyon ya ce ai dama jiki ba ƙarfe ba ne. Mukhtar ya tashe wani saurayi daga kujera mai majingina, wadda ake ba marasa lafiya masu jiran mota, ya jawo ta kusa da shi.

"Komo nan, Baba, bencin nan zai ci maka baya."

Ya tashi ya koma.